Na Ba Ƙanwata Ragowar Maganin Ƙurajena, Yanzu Ga Alamar Ciki

Hajiya Baraka, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da aiki, ya iyali, ya haƙuri da mu. Don girman Allah ki taimake ni, ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo, don yau kwana biyar ina ɗauke da maganar da na rasa wanda zan faɗa mawa. Na san yawanci mata ne ke rubuto maki. Ni namiji ne, amma matsalar ta mace ce, kuma ni na jawo ta. Duk sunayen da zan ambata na canza su.

Shekarata ashirin da tara, gidanmu na unguwar Gobarau a cikin birnin Katsina. Ina cikin waɗanda aka ɗauka aiki a sakatariya bayan sojoji sun koma bariki, ina ofishin ajiyar fayil. Mahaifinmu ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Ni ne babba, don haka duk abin da ya taso a gida ni Inna ke kira.

Tun ina aji uku a sakandare ƙuraje suka feso mani a fuska. Ba irin ƙananan nan da ake cewa na balaga ne za su wuce ba. Manya ne masu zurfi, su kumbura su yi ruwa, su fashe su bar rami, har baya da ƙirji. Farar riga ba ta yini a jikina ba tabo. Mai askin unguwarmu in ya zo gefen gemu sai ya yi ta kauce-kauce da reza yana ba ni haƙuri. Ba abin da ban gwada ba. Wanzami ya yi mani ƙaho, na sha sassaƙe, na shafa toka da lemun tsami, na yi ta sayen man shafawa a kemis. Ko sahun gaba ba na son shiga a masallaci, don kada liman ya juyo bayan sallama mu haɗa ido. Ina faɗa maki wannan ne don ki san ba da wasa na ɗauki ciwon ba, kuma ki fahimci abin da na aikata daga baya.

Bara wani babba a ofishinmu ya kira ni gefe ya ba ni sunan wani likitan fata a Kano. Na je. Likitan ya sa aka ɗebi jinina, sannan ya rubuta mani wani ɗan ƙaramin kafso mai laushi, ya ce ɗaya a rana tare da abinci mai maiƙo, kuma duk wata in koma a sake duba jini. Na kwafo maki sunan daga takardar da ya ba ni: isotiretinoyin. Ya ce kada in ba da jini ga kowa, kada in haɗa shi da wani kafso ba da saninshi ba, kada kuma in ba kowa ko ƙwaya ɗaya, musamman mace, don yana lalata abin da ke ciki in tana da juna biyu. Wannan ya maimaita har sau biyu. Na ji da kunnena, Hajiya, ba zan yi maki ƙarya ba. Amma ni da ko budurwa ba ni da ita a lokacin, sai maganar ta shiga ta nan ta fita ta can.

Na sha wuya da shi. Leɓena ya tsattsage har murmushi ke sa shi jini, na yi haɓo ya fi a ƙirga, kullum da kwalbar basilin a aljihuna. Amma cikin wata biyar fuskata ta kwanta. Tabon na nan, ƙurajen kuwa ko ɗaya. Likita ya ce ya isa haka in tsaya. Sai ya rage mani kati uku, kowane da ƙwaya goma. Da tsada na saye su, hannuna ya kasa zubarwa, na jefa su cikin akwati.

To ga ƙanwata Ramla, shekararta ashirin. Jininmu ɗaya, ita ma ta gado ƙurajen, don fuskar Baba ma haka take. Bayan ƙaramar salla aka sa ranar aurenta da Sammani, wani yaron kirki mai sayar da zare da kayan keken ɗinki a kasuwa. Suna son juna, ba wanda ya matsa ma wani. Aka ce biki sai bayan babbar salla. Tun daga nan Ramla ta tayar da hankalinta. Ta daina fita, in ƙawayenta sun zo sai ta ja mayafi har hanci. Wata rana na dawo aiki na same ta a tsakar gida da madubi a cinya tana hawaye, ta dube ni ta ce ni da na san zafin abin, ashe zan iya kallonta a kai ta gidan miji da wannan fuska.

Na shiga ɗaki na yi lissafi. Ƙwaya talatin, kwana talatin, biki kuwa saura fiye da wata biyu. Na ce kafin a ɗaura aure ta gama da daɗewa. Na ɗauko na ba ta har da kwalin, na ce ɗaya kullum bayan ta ci abinci, kada ta faɗa ma kowa. Zancen ciki ban yi mata shi ba. Ki duba mani, Hajiya, da wane baki zan dubi ƙanwata budurwa in yi mata zancen ciki? A gidanmu ko sunan abin ba a kira gaban maza.

Maganin ya karɓe ta fiye da yadda ya karɓe ni. Ranar kamu mata sai yaba mai gyaran jiki suke yi, ni kuwa ina waje wajen kujeru ina jin daɗi a raina, ina ganin na yi abin da Baba zai yi da yana raye.

Yanzu wata huɗu da bikin. Juma'ar da ta wuce, da aka sauko masallaci, na biya gidanta a Ƙofar Ƙwaya in gaishe ta. Ta kawo mani fura. Ina zaune sai idona ya sauka kan madubinta, tsakanin kwalaben turare, ga katin maganin nan da ƙwaya huɗu a ciki. Na tambaye ta cikin dabara. Tana dariya ta ce ai kati biyu kawai ta sha kafin biki, da leɓenta ya fara fashewa kuma fuska ta yi kyau sai ta aje na ukun. Bayan ta tare, duk ran da ta ga ƙurji ya leƙo sai ta haɗiye ɗaya. Yaushe ta sha na ƙarshe, ban tambaya ba, don ƙannen mijinta mata biyu na zaune a ɗakin. Na dai ce wani abokina na buƙata, na sa katin a aljihu. Ta ce in ɗauka ba komai, ai ta ba Sammani kwalin, in ya shiga Kano sarin kaya ƙarshen wata zai nemo mata wani.

Na fito ina gaya ma kaina ai ba a ce tana da komai ba. Ran Lahadi kuma ina alwala a tsakar gida na ji Inna na ce ma Goggo Delu, ƙanwar Baba, a nemi tsamiya da ɗanyen mangwaro a aika ma Ramla, wai kwana biyu bakinta ba daɗi, ko ƙamshin miya ba ta so. Suka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, da suka ga na ɗago sai suka sauya zance. Ni ba yaro ba ne, na gane.

Ran Litinin na je wajen wani mai kemis da na sani, na ce wani abokina ne abin ya samu. Ya juya katin ya duba, ya ce shi bai taɓa sayar da irinshi ba, amma ɗaya-ɗaya da ake sha jefi-jefi ba ya komai, turawa ne da tsoro. Na ji sanyi na awa ɗaya, daga nan muryar likitan nan ta dawo mani.

Tun daga ranar nan aiki ya gagare ni, jiya fayil ɗin wani na kai ofishin da ba nashi ba. Wata zuciyar ta ce in yi shiru in duƙufa da addu'a, tunda na riga na ɗauke maganin, in Allah Ya sa ba abin da ya faru ba wanda zai taɓa sani. Wata ta ce in faɗa. To in na faɗa, wa zan fara faɗa mawa? Inna na da hawan jini, kuma wannan ne jikanta na fari. Sammani na girmama ni, ko zama ba ya yi sai na zauna. Danginshi kuma in suka ji, ina tsoron abin ya koma kan Ramla, a ce ta shigo masu da shaye-shayen magani. Ita kanta kuma, in ɗauke mata farin cikinta in sa mata fargaba wata tara, alhali wataƙila lafiya lau za ta haihu?

Hajiya, ke kin yi aikin asibiti. Shin maganar mai kemis gaskiya ce? In faɗa ko in yi shiru? In wani abu ya samu abin da ke cikin, ni na kashe shi ke nan? Na rubuta adireshin ofishinmu a bayan takarda, don Allah kada a buga shi.

Naki,
Yayan Amarya, Katsina.

*

Ɗana Yayan Amarya, wa alaikumus salam.

Wasiƙarka ba irin wadda ake ajiyewa sai ranar bugu ba ce. Ran da ta iso na rubuta wannan amsa, na ba direban da ke kai jarida Katsina kwafinta ya kai maka ofis. Ina buga ta a nan ne domin na san ba akwatinka kaɗai ke da ragowar magani ba.

Ka faɗa. Yau, ba gobe ba. Dalilina na farko ma ba cikin ba ne, kwalin da ke hannun Sammani ne. Ka ɗauke ƙwaya huɗu ka bar ƙofa a buɗe. In ya shiga Kano ya dace da mai sayarwa, zai kawo wa matarsa da hannunsa, yana ganin alheri ya yi mata, kamar yadda kai ma ka gani. Shirunka ba zai tsayar da wannan ba.

Mai kemis ɗinka ya yi kuskure, kuma da ya ce bai san maganin ba, da nan ya tsaya. Likitanka ne mai gaskiya. Wannan magani yana cikin mafi ƙarfi da ake da su na ƙurajen fuska, yana kuma cikin mafi haɗari ga ɗan tayi. Yakan jawo ɓari, yakan taɓa zuciya da ƙwaƙwalwa da kunne da fuskar jariri, kuma ɓarnar a makonnin farko take faruwa, lokacin da mace ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Babu wani adadi da likitoci suka ce in an tsaya a kansa an tsira. Shi ya sa ba a ba mace shi sai an yi mata gwajin ciki, an tabbatar tana kan hanyar hana ɗaukar ciki tun kafin ta fara, har ta gama, har wata guda cur bayan ƙwayar ƙarshe.

Ga ɗaya gefen kuma, don kada ka yanke wa kanka hukunci tun ba a yi shari'a ba. Har yanzu ba wanda ya ce maka an gwada an ga ciki, tsamiya da mangwaro ka ji. In ma akwai, komai ya rataya ne a kan ranaku biyu da ba ka sani ba: ranar da ta haɗiyi ƙwayar ƙarshe, da ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe. Ƙwaya shida ta sha cikin wata huɗu. Mai yiwuwa ta ƙarshen ta yi nisa da shigar cikin, in kuwa tazarar ta kai wata guda, maganin ya riga ya bar jikinta. In ma sun haɗu, ba kowane jariri abin ke shafa ba, da yawa ana haifarsu lafiya. Amma haɗarin babba ne, ba zan rage maka shi don ka ji daɗi ba. Wanda zai auna wannan likitan mata ne, ba kai ba, ba ni ba. Ramla kaɗai ta san ranakun nan, kuma kullum aka ƙara kwana suna ƙara shige mata.

Yanzu ga yadda za ka yi. Kada ka fara da Inna. Ka fara da Goggo Delu, tunda ta riga ta san halin da ake ciki, kuma a bakin goggo maganar ciki ba abin kunya ba ce. Ka gaya mata komai, har da gargaɗin da likita ya yi maka ka take. Ku tafi Ƙofar Ƙwaya tare, a lokacin da Sammani ke gida kuma ba baƙi. Ita ta shiga wajen Ramla ta tambayi ranakun, kai ka zauna da Sammani a zaure. Kada ka aika Goggo ita kaɗai ka laɓe a bayanta. Kana tsoron laifin ya koma kan Ramla, to maganin wannan a bakinka yake. Ka ce masa kai ka ba ta, kai aka yi wa gargaɗi, ita ba ta san komai ba. In ya ji haka daga gare ka tun farko, shi zai tare mata danginsa. In kuwa ya tsinci maganar daga bakin likita bayan wata biyar, ba ita zai kare ba, kai ma ba zai ƙara miƙe maka ba. Zai iya ɓata rai, ka ƙyale shi ya ɓata, haƙƙinsa ne.

Washegari su je asibiti wajen likitan mata, da kwalin, da katin da ke aljihunka, da takardar likitan Kano. In gwaji ya nuna ba ciki, alhamdu lillahi, sai su jinkirta har wata guda ya cika daga ƙwayar ƙarshe, likita zai nuna musu yadda za su yi. In akwai, zai lissafa kwanakin, ya sa ta fara awo da wuri, ya sa a yi hoton ciki idan lokacinsa ya yi. Hoton yakan nuna wasu abubuwa, ba duka ba. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada tsoro ya sa wani ya ba ta jiƙo ko wani kafso wai don a wanke maganin daga jikinta. Babu abin da ke wanke shi, sai dai a ƙara mata wata cutar. Duk shawarar da za ta biyo baya ta Ramla da mijinta ce, da likitansu, da malamin da suka amince da shi. Inna kuwa a bari sai an dawo daga asibiti, a je mata da magana mai kai da ƙafa. Goggo ta kuma tambayi Ramla ko ta taɓa ɓallo wa wata ƙawa ko ƙanwar miji. Yadda ya fita daga hannunka, haka yake iya fita daga nata.

Ka ce kada ka ɗauke mata farin ciki. Na fahimce ka, fargabar wata tara ba ƙaramin abu ba ce ga mai cikin fari. Amma jikinta ne, ɗanta ne. Kunya ta hana ka faɗa mata sau ɗaya, ka ga inda ta kai ku. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga sauran masu karatu. Ba na so wannan labari ya sa mai fama da manyan ƙuraje ya guji likita, domin maganin yana aiki, wannan bawan Allah shaida ne. Amma na mutum ɗaya ne, wanda aka auna nauyinsa aka duba hantarsa da kitsen jininsa. Mai shan sa ba ya ba da jini sai wata guda bayan ya gama, don kada jinin ya faɗa jikin mai ciki. Mai shayarwa ba ta shan sa. Ba a haɗa shi da ƙwayar bitamin A, ko da kafson nan ja da yalo da ake sha kamar gyaɗa. Amare su sani yana sa fata ta yi laushi, halawar cire gashi da dirzar dilka na iya saɓule ta. Bushewar leɓe da ta hanci an saba gani, amma in aka ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko baƙin ciki ya rufe mutum ba dalili, a dakata a koma wajen likita. Abin da ya rage bayan an gama, a mayar masa da shi. 'Yan uwana ma'aikatan asibiti kuma, mu riƙa tambayar ragowar, kada mu tsaya ga gargaɗin baki.

Tambayarka ta ƙarshe, ɗana. Ni ba malama ba ce, ba zan yi maka fatawa ba. Abin da na gani a wasiƙarka shi ne yaya mai tausayi da ya ba da abin da ba shi da ikon bayarwa, ya kuma riƙe rabin maganar da ya kamata ta bi shi. Kuskure ne, ka nemi gafarar Allah, ka nemi ta Ramla. Wancan ka yi shi ne ba ka hango ƙarshensa ba. Shirun da za ka yi daga yau kuwa da saninka ne, kuma shi ne ba za ka iya ɗauka ba. Ka ci gaba da addu'a, amma ka yi ta kana tafe zuwa gidan Goggo.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya sanyaya zuciyar Sammani, Ya ba Ramla lafiya. In akwai rabo a jikinta, Allah Ya raya shi, Ya sauke ta lafiya.

Taku,
Hajiya Baraka.